Shin mu hana zagi da sunan nakasa a hirar rukuninmu na gem?

Garkuwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa riƙe rukunin 'yan gem. Muna da saba, wato zauren hira, a manhajar Discord, Call of Duty da PUBG muka fi bugawa. Ashar da zagin ƙabila ko addini tuni muka hana. Yanzu wani ya kawo ƙara, wai duk wanda ya kuskure harbi sai a ce masa makaho, mai nawa a ce gurgu, wanda bai bi umarni ba a ce kurma ko dolo. Ƙanen mai ƙarar kurma ne, kuma yana karanta hirar. Mu uku ne masu kula, ɗaya ya ce a hana, ɗaya ya ce zafin wasa ne, ni ake jira in raba gardama kafin gasarmu ta Asabar. A kan rubutu kawai nake tambaya, ban da murya. In zuba kalmomin a AutoMod, matacin saƙonni na Discord, ya riƙa toshewa, ko in rubuta doka mu riƙa hukunci da kanmu?

Ɗan Sniper: Wa alaikumus salam. Shugaba, ai a murya ake ta'asar. Shi ya sa Activision ta kawo ToxMod a 2023 yana sauraren abin da ake faɗa a Call of Duty. Wa ke da lokacin rubutu ana ruwan harsashi?

Kibiya: Ka sayi MEE6 na kuɗi, bot ɗin nan mai taya kula da rukuni, ka huta. Kusan dala 12 ne a wata.

Tauraro: Dala 12 ta me, Malam Kibiya? AutoMod kyauta ne tun da aka fito da shi a 2022. Kar ka sa bawan Allah asara.

Kibiya: Kyautar da jerin zaginta na Turanci ne? Ya san dolo?

Tauraro: Kai za ka rubuta masa, akwai gurbin sa naka kalmomin.

Mai Kwalkwali: Ni MEE6 na shekara na biya, in aka raba bai kai rabin abin da Kibiya ya faɗa ba. Amma a yi hattara da na'ura. Wani rukuni da nake ciki an sa "wawa" da alamar tauraro a ƙarshe, wato a kama duk kalmar da ta fara da haka, sai ga shi duk wanda ya rubuta ya wawashe kayan gawa an rufe masa baki. A PUBG fa, inda wawaso shi ne rabin wasan! Ko masu Dark Souls II haka ta same su, ka sa wa jaruminka suna Knight ya fito K***ht, don na'ura ta ɗauki haruffan tsakiya a matsayin zagi.

Barde: Ku yi haƙuri, tawa doguwa ce. Ina da i'ina tun ina yaro. Na daɗe a wani rukuni ban taɓa buɗe makirfo ba, rubutu kawai, kuma ana girmama ni don ina ci musu wasa. Ranar wasan ƙarshe na wata gasa na hango abokan gaba sun zagayo ta bayanmu, babu lokacin rubutu, na buɗe murya. Kalmar "bayanku" ta maƙale mini a baki. Kafin ta fita an kashe biyu. Ashe wani yana naɗa. Washegari ya yanko wurin ya mai da shi sautin da ake dannawa a ɗakin murya. Da na shigo sai a danna. Na bar ɗakin murya, suka biyo ni rubutu: ba-ba-ba-barde ya iso. Na kai ƙara wurin mai kula, ya ce in daina ɗaukar zafi, wasa ne. Da na koma kan saƙon sai na ga alamar dariya ta farko tasa ce. Rukunin nan yana da doka mai tsawo, an jera kalmomin da aka hana har da na nakasa, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba a zage ni da ita ba. Na fita ba wanda ya neme ni, sai da gasa ta gaba ta matso suka rasa mai riƙe musu baya. Garkuwa, kafin ka jera kalmomi ka dubi abokin aikin nan naka mai cewa zafin wasa ne.

Tauraro: Subhanallah. Allah ya saka maka, ɗan'uwa.

Ɗan Sniper: Ba daɗi gaskiya. To amma ka ga magana ta dawo kan murya kamar yadda na ce.

Sarauniyar Keke: Sannu Barde. Ni dai a keken guragu nake tun shan inna, kuma da bakina nake ce wa kaina gurguwa. In kuka toshe kalmar, ni za ku fara toshewa. Sunan halitta ne, ba ashar ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mai ƙafa biyu lafiyayye ya yi shirme a ce masa gurgu, wato ni ce ma'aunin shirme. Na'ura ba ta iya bambance waɗannan biyun.

Malamin Alama: Hajiya, da girmamawa, ke kin yi kauri, yaran da nake koyarwa ba su yi ba. Yaro kurma rubutu ne kaɗai ƙofarsa a wasan nan. Twitch ma, dandalin nuna wasa kai tsaye, a ƙarshen 2020 ta cire alamar da ake sa wa mai buga wasa karon farko, wadda ke kiransa wasan makanta, bayan masu nakasa sun yi magana.

Sarauniyar Keke: Malam, kai kana koyar da su, ni a ciki nake kwana. Ba na son a riƙa yi mini magana a madadina.

Kibiya: Ni fa a ganina wanda bai taɓa riƙe rukuni ba ya ɗan saurara. Ubisoft ta gwada korar nan take a Rainbow Six Siege a 2018, ka rubuta kalmar a fitar da kai ana tsakiyar wasa. Mutane suka koma yaudarar abokan gaba su rubuta don a kore su. Kafin shekarar ta ƙare suka sauya, saƙon ake tarewa, mutum ya duba.

Mai Kwalkwali: Kibiya da rukuninsa na mutum biyu, shi da bot ɗin da yake biya.

Garkuwa: Jama'a na gode, amma har yanzu ban ji ba: toshewa ko doka?

Shiru Ma Magana: Shugaba, dokarku ta gasa na karanta, layi na biyu ya ce wanda ba shi da makirfo ba zai shiga ba. To ƙanen mai ƙarar ta ina zai shiga? Ni ba na jin komai da kunnen hagu, na dama ma da na'ura. Sau da yawa ana cire ni daga tawaga tun kafin jirgin fara wasa ya tashi. Apex Legends tun 2019 ta nuna ana iya wasa da nuni kawai, wato ka sa wa abokan wasa alama a kan wuri ko abu ba tare da magana ba, Fortnite kuma tana zana ƙarar takun sawu a allo.

Ɗan Sniper: Nuni ba ya kai murya sauri, Yaya. A gasa daƙiƙa ɗaya ce.

Barde: Ni da nuni na ci musu wasannin da suke taƙama da su.

Tauraro: Wai ma wa ya sa dokar makirfon nan? Ba a taɓa jin ra'ayinmu ba, kamar yadda aka sauya lokacin gasa ba sanarwa.

Kibiya: Yauwa, a tsaya nan. Wanda ya mai da gasar ƙarfe goma na dare ya fito ya yi mana bayani.