Kaskar jikin kunkuru da damo: tana iya kama awaki ko mutum?

Mai Awaki:
Assalamu alaikum. Kunkuru da damo da mesar da 'yan farauta ke kawowa kasuwa, kusan duk akwai kaska a jikinsu. Idan aka ajiye irin wannan kunkuru a gidan da ake kiwon awaki, kaskar tana iya sa musu cuta? Mutum fa? Kuma da wane magani ake kashe ta?

Dakta Vom:
Wa alaikumus salam, Malam. Kaskar da ake samu a jikin waɗannan dabbobi a Afirka ta Yamma yawancinta 'yan gidan Amblyomma ne. Ta jikin mesa ita ce Amblyomma latum, falale take, launin ƙasa, tana shigewa ƙarƙashin ɓawon fata har ka ɗauka ɓawon ne. Ta damo da guza ita ce Amblyomma exornatum, ta fi son hanci da tsakanin yatsu da hammata. Ta kunkuru kuwa Amblyomma nuttalli. Biyun farko ba su cika barin masu jan ciki ba. Ta ukun ce ƙananan 'ya'yanta kan hau tsuntsaye da dabbobi masu gashi.

Abin lura shi ne yadda take rayuwa. Sau uku take shan jini, kuma bayan kowane sha sai ta saki dabbar ta faɗo ƙasa: ta sake fata sau biyu, a karo na uku macen ta zuba dubban ƙwai. Ke nan idan ka cire wadda ka gani a jikin kunkuru bayan ya yi sati biyu a tsakar gida, rabin aiki ka yi. Sauran suna cikin tsagar bango da ƙarƙashin kwanon ruwa.

Cutar da ake tsoro ga awaki ita ce ciwon ruwan zuciya, wanda bakteriyar Ehrlichia ruminantium ke kawowa. Zazzaɓi ya haura 41 a ma'aunin Salshiyos, akuya ta riƙa kewaye wuri ɗaya, ta faɗi tana shure-shure, in an feɗe a ga ruwa a jakar zuciya da ƙirji. A kan wannan cuta Amurka ta hana shigo da kunkuru iri uku daga Afirka a shekarar 2000, har da babban kunkurun Sahel da muka sani a Nijar da Cadi da arewacin Najeriya, bayan an gano alamar ƙwayar cutar a kaskar Amblyomma sparsum da ta shiga Fulorida a jikin kunkuru.

Malama Mai Bincike:
Dakta, a yi mini afuwa, zan ɗan sassauta maganar. Amurka ta tsorata ne saboda cutar ba ta ƙasarta, kuma tana da kaskar gida da bareyi da za su iya riƙe ta in ta shiga. Mu nan cutar 'yar gida ce. Mai yaɗa ta ita ce Amblyomma variegatum, babbar kaskar nan mai ado da ke maƙale wa shanu a hantsa da ƙarƙashin wutsiya da damina. Ita ce ma ta bi shanun Senegal zuwa tsibirin Gwadalup na yankin Karibiyan, cutar ta zauna can. Don haka awakin Malam sun fi fuskantar haɗari daga saniyar maƙwabci fiye da kunkuru.  Waɗanda ke mutuwa da sauri su ne dabbobin waje irin awakin Bowa da shanun Firiziyan.

Sannan samun DNA, wato alamar ƙwayar halitta, na bakteriya a cikin kaska bai nuna tana iya harbawa ba. Wataƙila jinin da ta sha ne kawai ke ɗauke da shi. An samu bakteriyar Rickettsia da Borrelia a kaskar masu jan ciki da aka yi fataucinsu zuwa Turai da Japan, amma Borrelia ɗin reshe ne daban da na ciwon Layim, cutar da kaska ke sa wa mutane a Turai da Amurka. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne kaskar Hyalomma aegyptium ta kunkurun Arewacin Afirka da Turkiyya, don 'ya'yanta suna cizon mutane sosai.

Ga mutum: in kaska ta cije ka, bayan kwana 5 zuwa 10 ka ga baƙin ɓawo a wurin, da zazzaɓi da kaluluwa, kada a tsaya a kan maganin maleriya. A gaya wa likita kaska ce ta ciji, domin doksisaikilin ne maganin Rickettsia, bakteriyar da ke kawo wannan zazzaɓi.

Dakta Vom:
Na yarda, Malama. Saura batun magani, kuma a nan ake ɓarna. Kada a kuskura a yi wa kunkuru allurar aibamektin, maganin tsutsa da kaska na dabbobi. Tana shanye masa jiki, ya kasa numfashi, ya mutu, ko da ƙanƙanin awo ne. Ruwan wankan kaska na shanu ma ba na masu jan ciki ba ne. Kananzir da baƙin mai suna ƙona fata.

Da hannu ake yi. A sa safar hannu, a kama kaskar da matsefata daf da fata, a ja a miƙe a hankali, ban da murɗawa ko matse cikinta. Bakin Amblyomma dogo ne, in ya karye a ciki wurin yakan yi ƙurji. A shafa ayodin da aka tsarma. A duba gindin ƙafafu huɗu, lanƙwasar wuya, gefen wutsiya, da layukan ƙoƙon baya. Kaskar a jefa ta cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70, a rubuta rana da gari da irin dabbar. Cibiyar Binciken Dabbobi ta Vom ko sashen likitancin dabbobi na ABU Zariya su ne wuraren da za a nema a tantance ta.

Sai a killace kunkurun wata uku nesa da garke, a kan siminti ko farar takarda don a ga duk wadda ta faɗo, a riƙa dubawa kowane mako, a ƙone shimfiɗar. Akuyar da ta yi zazzaɓi kuwa a yi mata oksitetrasaikilin, miligiram 10 ga kowane kilo, tun kafin ta fara kewaye. In ta kai ga shure-shure, da wuya allura ta tashe ta.

Mai Awaki:
Allah ya saka da alheri. Da aibamektin ɗin na yi niyyar farawa.