Me za mu kira "vino de pago" da Hausa?

Jama'a, aikin fassara ya kai ni kan wani rubutu game da noman inabi a Sifaniya, sai wata kalma ta tsaya mini a maƙogwaro: vino de pago. Kafin wani ya ɗauko wa'azi, kalma nake nema, ba kwalba ba.

Mu sallami rabin farko. Vino giya ce. Na san akwai masu cewa "ruwan inabi", amma mai karatu zai iya zaton lemon kwali ne. Abin da ke bugarwa a kira shi da sunansa: giyar inabi.

Pago ɗin ne aiki. A 2003 Sifaniya ta yi dokar inabi da giya wadda ta ware wannan aji. Sharaɗinsa, inabin ya fito daga yanki guda na gona mai ƙasa da iska irin nasa, wato pago ɗin ke nan, kuma masu gonar ne za su matse shi, su tsima shi, su ɗura a kwalba. Ba a sayo inabin wani a haɗa. Dominio de Valdepusa a lardin Toledo da Finca Élez a Albacete suna cikin na farko da suka samu wannan matsayi.

Wani abokin aikina ya ce a rubuta "giyar gona". Ban yarda ba, don kowace giyar inabi daga gona take. Wata 'yar'uwa ta ce "giyar gida", sai na ga hankalin mutane zai tafi kan burkutu a tukunya.

Ni dai na tsaya kan giyar gandu.

Gandu a wurinmu gonar gida ce baki ɗaya. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa su noma ta tare, amfanin ya shiga rumbun gida, ɗa ya gada daga uba. Wanda ke son nasa na kansa yana da gayauna. To ku dubi yadda iyalan Sifaniya masu gonar inabi ke aiki. Da kaka, wajen Satumba zuwa Oktoba, a tsinke inabin, sau da yawa nau'in Tempranillo, wanda ya samo sunansa daga saurin nuna. A cire karan, a murƙushe 'ya'yan, a bar ruwan ya tsimu tare da ɓawon. Daga ɓawon nan jan yake fitowa, don ruwan kansa kusan fari ne. Sai a zuba a gangunan katako a ajiye a ɗakin ƙasa mai sanyi. Gidan López de Heredia a garin Haro tun 1877 yake hannun zuriya ɗaya, har gangunansu a gida ake ƙerawa. Nasu ba ya cikin ajin pago a hukumance, Rioja, yankin da Haro yake, tsarinta daban, amma in wannan ba gandu ba ne, mene ne?

Na san inda za a kama ni. Gandu yana ɗauke da tarihin gandun sarki da bayin da suka noma shi, ga kuma gandun daji. Amma manomi a yau in ya ce "muna gandu", kowa ya san abin da yake nufi.

Akwai wata kalma da ta zo mini a ɓagas. Jar giyar da ta yi aƙalla shekara 2 a ajiye suna ce mata crianza, daga kalmarsu ta renon yaro. Sai na rubuta "renanniya". Ta shekara 3, reserva, da ta shekara 5, gran reserva, su ne na bar wa malamanmu na ƙamus. Allah Ya gafarta malam, ko "ajiyayya" za ta ɗauki nauyin?