Wa ya riga wani, ARN ko sarƙar amino asid?

Daga zauren malaman kimiyyar sinadarai da na halittu, Yamai

Malam Laouali: Salamu alaikum. Ni a ganina ARN (RNA a Turanci, ɗan’uwan ADN mai ɗauke da bayanan gado) bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba a farkon duniya. Feftid, wato gajerun sarƙoƙin amino asid (tubalan furotin), su ne suka riga shi, kuma da taimakonsu ya samu. Tun 1953 masanin sinadarai Stanley Miller ya fitar da amino asid irin su gilisin da alanin da tartsatsin lantarki cikin iskar gas. Nukiliyotid kuwa, tubalan ARN, sai an sha wuya. ARN kuma ba ya jure zafi ko ruwa mai kanwa: OH ɗin da ke matsayi na 2 a jikin ribos, sukarin ARN, yakan juyo ya kai wa fosfat hari, sarƙa ta tsinke.

Malama Ramatou: Wa alaikumus salam Malam. Samun amino asid ban musa ba, ɗaure su ne aiki. Kowane ɗauri sai ya fitar da ƙwayar ruwa ɗaya, shi ya sa a cikin ruwa lamarin baya yake komawa. Sidney Fox sai da ya gasa su a bushe sama da digiri 150, da asfartik da gulutamik masu yawa, abin da ya fito kuma dunƙule ne mai rassa. A wannan zafin ARN ba ya kai labari.

Malam Laouali: Ai an wuce Fox, Malama. A 2015 masu bincike a Georgia Tech, Amurka, sun gauraya gilisin da laktik asid, a busar a digiri 85, a sake jiƙawa, a maimaita. Ɗaurin esta ne ke fara ƙulluwa don ya fi sauƙi, sannan bakin amino ya ture shi ya zama amid, ɗaurin da ke haɗa feftid. Da ruwa ya dawo esta ya karye, amid ya tsaya, sarƙa ta yi ta ƙaruwa da amino asid. Kamar tabkunan jihar Tahoua ne da ke cika da damina su ƙafe da rani, sai dai nan cikin awoyi ake zagayen.

Dakta Hadiza: Wannan gaskiya ne, kuma a 2020 mutanen Georgia Tech ɗin nan sun nuna irin waɗannan sarƙoƙi masu cajin fozitif suna manne wa ARN mai igiya biyu, sai zafin da yake rabuwa ya ƙaru, shi kuma ARN ya rage saurin karyewar estansu. A Kambirij, 2017, ɗakin binciken Holliger ya sa lizin (amino asid mai cajin fozitif) goma a jere, sai ribozim (ARN mai aikin enzim) mai kwafar ARN, wanda aka saba ba wa maganiziyom kusan milimola 200, ya yi aiki da kaɗan ƙwarai. Ba ƙaramin abu ba ne, domin maganiziyom mai yawa shi ke gaggauta tsinkewar ARN. Amma ƙanena, a lura: duk gwajin nan da ARN gamamme aka fara. Sun nuna kariya da taimako. Ba su nuna haihuwa ba.

Sani: Dakta, a ba ni dama in ƙara. Ina aka samo lizin ɗin? Bai fito a gwajin Miller ba. Masu sauƙin samuwa, gilisin da alanin ba su da caji, asfartik da gulutamik kuma negatif ne, fosfat ɗin ARN ture su zai yi. Dutsen sama na Murchison da ya faɗo Ostireliya a 1969 yana ɗauke da gajerun ’yan uwan lizin irin su Dab, amma wani aiki na 2019 ya nuna Dab da ornitin kan naɗe kansu su zama zobe, laktam, sarƙa ta tsaya nan.

Malama Ramatou: Ga kuma batun awo. Cajin fozitif ya zarce na fosfat, ruwan kwalba ya yi gurɓi, ARN ya taru cikin ɗigo-ɗigo ko ya kwanta ƙasa, ribozim ya kasa naɗuwa daidai. Kada a manta takardar ɗakin Szostak ta 2016 kan sarƙar arjinin (shi ma amino asid ne mai cajin fozitif), su da kansu suka janye ta a 2017 da sakamakon ya ƙi maimaituwa. Sutherland kuwa ya haɗa nukiliyotid na C da U (biyu daga haruffan ARN huɗu) a 2009 ba feftid ko ɗaya, Ferris ya sami sarƙa mai kusan ɗauri 50 a kan yumɓun monmorilonit a 1996.

Malam Laouali: Ferris da nukiliyotid da aka riga aka zaburar ya yi aiki, yana ƙara sabo kullum. Wa ke ƙara masa a farkon duniya? Sarƙar da ta ƙullu yau ta tsinke gobe ba ta gadar da komai. Mai kare ta yana cikin masu samar da ita.

Dakta Hadiza: To a raba gardama da gwaji. Kwalba biyu, nukiliyotid iri ɗaya, pH ɗaya, zagayen jiƙo da bushewa ɗaya. Ɗaya a zuba mata sarƙar da aka yi daga amino asid irin na Miller zalla, ba lizin na kanti. A auna tsawon ARN a kan jel mai ware sarƙoƙi bisa tsawonsu bayan kowane zagaye, a kuma ware ɗaurin 2-5 da na 3-5 (wanda ARN na halitta ke da shi), don tsawo kaɗai na iya ruɗin mutum. A ajiye kwalba ta uku mai feftid ba nukiliyotid, saboda feftid ma na iya barin tabo a jel a ɗauka ARN ne.