Gida biyu na gani a Kano, na rasa wanda zan ɗauka

Baban Sadiƙ:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 9 ina haya a Gwale, yanzu Allah Ya hore mini abin da zan sayi gida. Wata huɗu ina yawo da dillalai, daga ƙarshe gida biyu suka kwanta mini a rai.

Na farko a Ɗorayi yake, tsohon gini, ɗaki uku da soro da rijiya a tsakar gida. Tsakaninsa da gidan Hajiyarmu tafiyar minti biyar ce, kuma ita ce babban dalilina, don yanzu ciwon ƙafa ya matsa mata, ina son in riƙa duba ta safe da yamma. Sai dai awon igiya ne, kuma gidan gado ne, babban ɗan marigayin ne kaɗai muke magana da shi. Na biyu a Mariri, sabon gini, awon gwamnati, da takardarsa, amma sai na ratsa gari kaf kafin in je wurinta. Dillali ya matsa in ba da kafin alƙalami a na Ɗorayi kafin Juma'a, wai akwai mai so. Don Allah ku ba ni shawara.

Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ba da ko sisi tukuna. Awon igiya bai tayar mini da hankali ba, unguwanni da yawa a Kano haka aka yanka su. Gadon ne abin tsoro. Wana ya sayi irin wannan gida, bayan shekara biyu wata 'yar marigayin da ke aure a Zariya ta zo ta ce ba da saninta aka sayar ba, har yau suna kotu. Ka ce a nuna maka takardar rabon gado. In ba a raba ba, magada duka su zauna, mata da maza, kowa ya sa hannu a gaban mai unguwa da shaidu. In akwai marayu ƙanana a ciki, sai ta hannun alƙali.

Maman Ummi:
Malam, ka kai maiɗakinka ta gani kuwa? Ita za ta wuni a ciki. Sannan mu da rani muka sayi namu, damina na sauka ruwan layin gaba ɗaya ya riƙa taruwa a ƙofarmu. Ka duba gindin bango, in ka ga siminti na zuba ko an yi sabon fenti daga ƙasa kawai, danshi ake ɓoyewa. Ka tambayi matan maƙwabta yadda layin yake a watan Agusta, da ko rijiyar tana ƙafewa da bazara.

Alhaji Ƙarami:
Na Maririn ma kada takarda ta ruɗe ka, ana buga ta bogi. Ka je Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo a binciko fayil ɗin, a ga sunan wa ke ciki, ko an jinginar da shi a banki. Ku kuma yanke la'ada da dillali tun kafin a yi ciniki.

Baban Sadiƙ:
Allah Ya saka da alheri. Na kira babban ɗan, ya ce su bakwai ne, biyu ba sa gari. Na ce zan jira su zo, ko da Juma'ar za ta wuce. Gobe bayan la'asar zan kai Maman Sadiƙ ta ga gidan, daga nan mu biya wurin Hajiya.