Kafin ka cike takardar neman jami'a a Indiya

A wata tattaunawa da ɗaliban Indiya suka yi kan zaɓen jami'a, shawarar da ta fi yawa ita ce kada a tsaya kan sunan makaranta, a bincika daga ina ɗalibanta suke fitowa. A ƙasar da tsarin mulkinta ya amince da harsuna 22, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sun ce kwalejojin fasaha na ƙasa da ake kira NIT suna ware rabin guraben karatu ga 'yan jihar da suke, don haka harshen yankin yakan mamaye hira a ɗakin kwana. Jami'o'in tarayya irin su Jami'ar Jawaharlal Nehru (JNU) da Jami'ar Delhi kuwa, musamman tun da aka fara jarrabawar shiga jami'a ta bai-ɗaya da ake kira CUET a 2022, suna jawo yara daga ko'ina.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar abinci. Yaron jihar Tamil Nadu ta kudancin ƙasar da ya saba da shinkafa, ya tsinci kansa a arewa kullum capati (wata irin gurasar alkama), ga harshen Hindi bai ji sosai, kewar gida kan kama shi tun makon farko. Suka ce a tambayi tsofaffin ɗalibai yadda ɗakin cin abinci yake, a kuma duba ko akwai ƙungiyar 'yan jiharka.