Wai me ya sa ake ɗaukar Makhaya Ntini gwarzo a kurket?

Sabon_Ɗan_Kallo:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ni dai ɗan ƙwallon ƙafa ne tun fil azal, kurket ɗin nan kwanan nan na fara leƙawa saboda wani abokin aikina ɗan Afirka ta Kudu da ya addabe ni da ita. To shi kullum in aka zo maganar masu jifa da ƙarfi sai ya ce Makhaya Ntini, har hotonsa ya sa a fuskar wayarsa. Na je na duba lissafi na ga Dale Steyn ya fi shi wiket, Shaun Pollock ma ya fi shi, to a ina gizo ke saƙar? Mutumin da ya ajiye wasa sama da shekara goma amma har yau ana ambatonsa kamar jiya ya bari. Don Allah masana ku warware min, amma da Hausar da zan gane, don wlh wiket ɗin ma har yanzu kame-kame nake yi.

Abu_Fadila:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da shigowa. Wiket a nan kawai ka ɗauka mai jifa ya fitar da mai dukan ƙwallo daga wasa, ko ya kakkaɓe sandunan nan uku da ke bayansa ko ya sa shi ya doka sama a cafe. Ntini ya yi haka sau 390 a wasan Test 101, wato irin wasan da ake kwana biyar ana yi. Steyn 439, Pollock 421, don haka lissafinka daidai ne. Amma ka tsaya ka ji daga inda mutumin ya taso. An haife shi 1977 a wani ƙauye Mdingi a lardin Eastern Cape, kiwon shanu yake yi yana yaro, yana wajen shekara 15 wani jami'in neman yara masu baiwa ya gan shi yana jifa ba ko takalmi a ƙafarsa, daga nan aka samo masa gurbi a makarantar Dale College. Kuma ka tuna lokacin ne fa ƙasar ke fitowa daga mulkin wariyar launin fata, tun 1970 duniya ta juya wa ƙungiyarsu baya sai 1991 aka dawo da su, kuma kurket na ƙasa a can kayan Turawa ne, su ke da filaye masu ciyawa da makarantu da kociyoyi. A 1998 Ntini ya buga Test ɗinsa na farko da Sri Lanka a Cape Town, shi ne baƙar fata ɗan asalin Afirka na farko da ya taɓa yi wa ƙasar. Kafin shi akwai waɗanda ba Turawa ba irin su Omar Henry da Paul Adams, kar wani ya zo ya ce na yi shaci-faɗi, amma daga cikin baƙaƙen da su ne mafi yawan 'yan ƙasar, shi ya fara. To da ya buga wasa biyar ya ɓace da sai a ce ai dama alfarma aka yi masa don a cike gurbi, sai ya shekara goma sha ɗaya yana jifa har bakin masu faɗin hakan ya mutu.

Dan_Gardama77:
Ni fa gaskiya ana zuzuta abin da yawa. Tarihinsa akwai ban tausayi na yarda, amma in maganar iya jifa ake ai ko kusa bai kai Steyn ba, duk wiket daya na Ntini sai an ci shi ran (wato makin da masu duka ke tarawa) kusan 29, Steyn kuwa kusan 23 ne, kuma ba shi da dabarar lankwasa kwallo a iska kamar su Wasim Akram, abu daya yake ta maimaitawa. Sannan ba wanda ya kawo maganar shari'ar fyade da aka yi masa a 1999, in za a fadi tarihi a fade shi duka mana.

Abu_Fadila:
Malam Ɗan Gardama ai sunanka ya bi ka. Shari'ar gaskiya ce, an same shi da laifi a 1999, ya ɗaukaka ƙara kotu ta soke hukuncin a shekarar ta wanke shi, in za a faɗa duka sai a haɗa da wannan. Maganar Steyn kuwa ba wanda ya yi musu, ai ba tambayar wa ya fi iyawa aka yi ba.

Ummu_Sadiq:
Bari in sa baki ko da yake ni a talabijin na koyi wasan wajen maigidana. Ɗan'uwa mai tambaya ka nemi bidiyon wasan Lord's na 2003 da Ingila, filin da 'yan kurket ke ji da shi a Landan. Ntini ya ɗauki wiket biyar a zagayen farko, biyar a na biyu, goma cif, shi ne ɗan Afirka ta Kudu na farko da ya yi haka a filin, da ya ɗauki na goman sai kawai ya durƙusa ya sumbaci ƙasa, ni wannan hoton ne ya tsaya min a rai, yaron da ya gama bin shanu a daji ga shi an rubuta sunansa a allon girmamawa na Lord's. A 2005 kuma ya kwashe wiket 13 a wasa ɗaya da West Indies a Port of Spain. Kuma abin da kuke kira maimaita abu ɗaya ai shi ne makaminsa, mutumin ba ya gajiya, rana ta take kowa ya yi laushi kyaftin ya miƙa masa ƙwallo ya sheƙo a guje kamar yanzu aka fara, ya jefa ya koma da sassarfa ya sake sheƙowa.
Amma abin da ya fi taɓa ni sai a 2020 ya fito da shi, a wata hira ya ce duk shekarun nan cikin kaɗaici ya yi su, abokan wasansa za su shirya fita cin abinci a gabansa ba wanda zai ce ya zo, kuma gudun da yake yi daga otal zuwa fili maimakon shiga motar ƙungiya, wanda kowa ya ɗauka tsabar son motsa jiki ne, ashe gudun zaman kaɗaicin cikin motar yake yi. Mu muna ganin mutum kullum cikin dariya da waƙa ashe ta ciki na ciki. Shi ya sa abokinka ya sa hotonsa a waya, kuma in ka ga baƙaƙen fata su Kagiso Rabada da Lungi Ngidi yau suna yi wa ƙasar jifa ba wanda ke mamaki, to akwai wanda ya sha ƙurar kafin su.

Sabon_Ɗan_Kallo:
Kai, Allah ya saka da alheri, yanzu na fara gane inda aka dosa. Na kalli bidiyon Lord's ɗin, amma me ya sa yake yin tsalle can gefe kafin ya saki ƙwallo, sauran na ga kusa da sandunan suke bi? Kuma abokin nawa yana ta maganar wani ran ɗaya da ya ce ya fi ɗari.

Abu_Fadila:
Hhh ran ɗayan nan na wasan 438 ne, Maris 2006 a filin Wanderers na Johannesburg. Ostareliya ta ci 434 a wasan yini ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a lokacin, Afirka ta Kudu ta biyo har saura ran biyu, mutum tara sun fita, sai ga Ntini ya shigo na ƙarshe, shi kuwa dukan ƙwallo ba fanninsa ba ne sam, ga Brett Lee na jifa. Da ya fita shi kenan an ci su. Ya ɗan goga ƙwallon ta wuce baya suka ruga ran ɗaya aka yi kunnen doki, abokin dukansa Mark Boucher ya doka ta gaba ta kai iyakar fili, wato ran huɗu, 438. Tsallen gefen kuma daga nan ƙwallon ke shigo wa mai duka na dama a karkace tana nufo jikinsa, ga tashi sama, sai ya rasa ko ya doka ko ya kauce. Ka nemi wasan Cape Town na wannan jerin da Ostareliya, wiket shida ya ɗauka ran 22 kacal aka ci shi, a nan za ka ga yadda abin ke aiki.

Dan_Gardama77:
To na ji, ran dayan dai na ba shi. Amma Steyn ne nawa har gobe.