Shin Jean Ta Tuba? Muhawara Kan Fim Ɗin The Lady Eve

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Na gaji da yadda ake watsar da maganata a zauren nan duk sa'ad da na kawo zancen tsofaffin fina-finan Amurka, wai don ba su da launi. Ina nan a kan bakana cewa The Lady Eve, wanda Preston Sturges ya rubuta kuma ya ba da umarni a 1941, ya fi yawancin fina-finan soyayya na yau iya saƙa labari da ban dariya. Barbara Stanwyck ce ta fito a matsayin Jean, 'yar damfara da ke bin jiragen ruwa tare da mahaifinta suna cinye kuɗin attajirai a karta, Henry Fonda kuma shi ne Charles Pike, ɗan masu kuɗi masanin macizai da ke dawowa daga shekara guda a yankin Amazon. Ta ɗana masa tarko, sai son sa ya kama ta har ta tuba. Wanda ya san fim na zamani da ya kai wannan, ya kawo sunansa.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar tuba, domin ba ta da gurbi a labarin nan. Macen da ta tuba ba za ta sauya suna da harshe ta koma baturiyar Ingila mai suna Lady Eve Sidwich, ta shiga gidan iyayen Charles a jihar Connecticut ta Amurka, ta aure shi don kawai ta rama abin da ya yi mata ba. Damfarar ta biyu ta fi ta farko girma nesa ba kusa ba.

Hajiya: Alhaji, ranka ya daɗe, ka tsallake abin da ya faru a cikin jirgin. Jean ce ta tsaya tsakanin Charles da mahaifinta a teburin karta, tana musanya katunan don kada a cuce shi, kuma sai da ta tashi daga wurin tsohon ya samu damar cinye masa dala 32,000. Ta riga ta yi niyyar gaya masa gaskiya da bakinta, sai aka riga ta, aka nuna masa hoton da ya tona asirinsu. Maimakon ya saurare ta, sai ya yi mata ƙaryar cewa tun farko ya san ko ita wace ce, wasa kawai yake yi da hankalinta. In akwai wanda ya kamata a nemi tubarsa a nan, Charles ne.

Alhaji: Hajiya, niyya daban, aiki daban. Tuba tana da sharuɗɗa, kuma na farko shi ne barin laifin.

Malamin makaranta: Ni ina ganin ku biyun kun ɗora wa fim ɗin nauyin da bai ɗauka ba. Tun 1934 aka tsananta dokar tace fina-finai a Hollywood, masu shirya fim kuwa suka koyi faɗar abin da suke so ta bayan fage. Shi ya sa a daren amarci cikin jirgin ƙasa Jean ta riƙa lissafa masa samarin ƙarya da ta ce ta yi a baya, har ya fice daga jirgin ya faɗa cikin taɓo. Abin da ake gwadawa a wurin shi ne girman kan mijin da ke ganin ya iya yafiya alhali bai iya ba.

Ɗalibi: Malam, da izininka, ni Charles nake ganin wawa ne. Mai tsaronsa Muggsy ya yi ta nanata masa cewa Jean da Lady Eve mace ɗaya ce, shi kuwa ya kafe cewa kamannin sun yi yawa, da ita ce da ta ɓad da kama. Kuma dukiyar gidansu ta giya ce, don haka ban ga abin tausayi ba.

Alhaji: Yaro, ka iya bakinka. Rashin wayo ba ya halatta a cuci mutum, kuma sana'ar uba ba laifin ɗa ba ce. Henry Fonda da kake raina rawarsa, shi ne ginshiƙin dariyar fim ɗin, domin da bai yi ta tuntuɓe yana faɗuwa da fuskar mai gaskiya ba, da babu abin da Stanwyck za ta yi wasa da shi.

Hajiya: To Alhaji, ka bayyana mana dalilin da ya sa ta ƙi karɓar ko sisi lokacin da lauyoyin gidan Pike suka zo da maganar rabuwa. Mahaifinta yana jiran kuɗi, ita kuwa abin da ta nema kawai shi ne mijinta ya zo ya faɗa mata da bakinsa. 'Yar damfarar da ba ta sauya ba ba ta barin irin wannan ganima.

Mai buɗe zance: Jama'a, tambayata fa a kan fina-finan zamani take, har yanzu ba wanda ya kawo suna ko ɗaya.

Ɗalibi: Alhaji, ban raina Fonda ba, Charles na ce, kuma kiran mutum yaro ba hujja ba ce.

Mai kula da zaure: Zan rufe a nan saboda maganar ta fara komawa kan shekaru. Abin da na fahimta shi ne Hajiya ta kawo hujjoji biyu daga cikin fim ɗin, wato teburin karta da ƙin karɓar kuɗi, kuma ban ga an rushe ko ɗaya ba. Alhaji yana da gaskiya cewa auren ramuwa ne, amma a ganina Charles ne ya jawo shi da ƙaryar da ya yi mata a jirgin ruwa. Na daɗe ina ganin Jean ta fi kowa gaskiya a labarin, kuma muhawarar nan ta ƙara mini tabbaci. Tambayar mai buɗe zance kan fina-finan zamani sai a sake buɗe mata zance daban.